Wuƙar Mai Abarba

Ina jiran mota a tashar Gaya, kusa da mai gyaran wuƙaƙe, sai ga wani dattijo da 'yar wuƙar aljihu mai ninkewa. Ni kuwa na gyara kallabi, na buɗe kunne.

"Maigida, duba mini wannan. Ruwanta na girgiɗi kamar haƙorin tsohuwa."

"Taka ce, Malam?"

"Tawa mana. Gadon babana ce."

"Ikon Allah! Ashe babanka ne ya haifi Basira mai abarba? Wannan jar ƙusar ni na sa mata da hannuna kafin Salla."

Dattijo ya yi tarin da babu shi.

"To, aro na yi."

"Basira ba ta ba da aron wuƙarta. Tun rasuwar mijinta ko ƙanenta bai taɓa ta ba."

"Kai dai ka cika bincike! In kai ka gyara, me ya sa ta kwance tun ba a je ko'ina ba? Aikin banza ke nan."

"Aikina ba ya kwancewa sai in na so! Da gangan na bar ta sako-sako, don ta dawo da..."

Sai mai gyara ya dafe bakinsa. Dattijo ya ƙura masa ido, murmushi har kunne.

"Don ta dawo da kanta? Ayya. Ga shi ni ta aiko."

Mai gyara ya jinjina kai, ya yi dariya, ya ɗauki guduma ya daddage ya buga ƙusar sosai.

"Ungo, ta ɗauru. Ranar ɗaurin aurenku da Basira dai a ajiye mini gorona."