Mota Mai Kujera Biyu

A kasuwar motoci ta Kwatano, Senami mai atamfa na shafa wata jar motar tsere ta hannu, sai wani dattijon ɗan acaba ya leƙo.

"Madam, bar fenti, taɓa murfin injin. Da ɗumi?"

"Da ɗumi."

"To, sun tashe ta kafin ki iso, don kada ki ji tarinta. Ki dawo gobe da sassafe, ba sanarwa. Amma kujera biyu, ina dangi za su zauna?"

"Shi ya sa nake son ta! Shekara talatin ina jigilar dangi. Baba, kai da acaba, ina ka san wannan?"

"Tawa motar na gida, kaji na ƙwai a ciki. Da ɗuminta na saya."

"Ka yi nadama ke nan."

"Wata uku na yi ina bin bakin teku da ita har garin Wida, kafin ta mutu. Har yau in na tuna, sai in kama dariya ni kaɗai a kan babur."

Senami ta janye hannunta daga motar.

"Ƙarfe shida ka zo ka ɗauke ni. In ba ta yi tari ba, kujera ta biyun taka ce har Wida."