A Bar wa Shu'aibu Sifikarsa

Mai girma Shugaban ƙungiyarmu ta masu Keke Napep, iyayenmu dattawan tasha, Malam da Fasto da suka buɗe mana taro da addu'a, ogogi masu keke da masu tuƙa na wasu, 'yan'uwa baki ɗaya: assalamu alaikum, barkanmu da yini.

Ina godiya da aka ba tsohon mai sayar da kaset damar magana. Ku yi haƙuri, wanda ya girma yana talla a kasuwar Terminus ta nan Jos bai iya gajeren zance ba.

An kawo shawarar a cire sifika daga kowane keke, saboda fasinjoji sun gaji da hayaniya. Na yarda. Ni ma kunnena ya gaji, alhali ni na sayar muku da rabinsu. Amma ina roƙon a bar guda ɗaya, ta Shu'aibu. Ga shi can baya ya sunkuyar da kai, ya yafe mini abin da zan tona.

Na farko, waƙa ɗaya tak yake sawa, kuma shi ya yi ta. A shagona aka ɗauke ta, tun kafin kasuwa ta ƙone. Yana rerawa, wata yarinya mai suna Ana, 'yar maƙwabtansu a unguwar Congo-Russia, tana yi masa amshi. Duk 'yan layinmu mun san inda abin ya dosa.

Na biyu, babu wanda ya raba su. Ba faɗa, ba gori, ba cin amana. Gari ne ya rikice, iyayenta suka koma wata unguwa. Ziyara ta koma gaisuwa a hanya, gaisuwa ta koma ɗaga hannu, ɗaga hannu ya koma shiru. Ta yi aure, ya yi aure, kowa ya yi furfura.

To, kwanakin baya wata mata da jika a goye ta tsayar da shi, za ta Tina Junction. Waƙar tana tashi. Kallo ɗaya ya yi mata a madubi ya gane Ana ce.

Ta ce, "Oga, wa ke wannan amshi?"

Ya ce, "Wata ce, Madam. Ta da can."

Ya ci gaba da tuƙi har suka isa. Da ta sauka, ta gyara goyonta, ta ce, "Yarinyar tana da murya. Kar ka bari ta ɓace." Ba ta kira sunansa ba, bai kira nata ba.

Jama'a, matar nan tana da gidanta, Allah ya bar ta da mutuncinta. Ba ita Shu'aibu yake nema ba. Yarinyar da ke cikin sifikar nan yake ɗauka kullum, ita kaɗai ce fasinjar da ba ta taɓa sauka ba. Ranka ya daɗe, kada a ce mu ne muka sauke ta.

Allah ya kare tayoyinmu da rayukanmu, ya zaunar da Jos lafiya, kada unguwa ta sake raba masu amshi. Allah ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.