In Na Kai Shi Asibiti, Ɗaure Shi Za a Yi?

Salamu alaikum Malam mai shiri. Don Allah ku hwaɗa min, in na kai maigidana asibiti, magani za a ba shi ko ɗaure shi za a yi? Ni ce Hassi daga Yargalma, maƙwabciyata ta rubuta min.

Haƙar zinari shika yi, mai ramin shina ba masu haƙa ƙwaya don ƙarhi. Ran Talata na iske ɗiyata mai rarrahe da guda a baki. Na kwashe sauran ƙwayoyin na zuba cikin masai. Kwana ukku ke nan maigidan shina kwance shina makyarkyata don rashin ƙwayar, ko tukunya ba mu ɗora ba. Ku kun ce shan ƙwaya ciwo ne, mutanen gari sun ce laihi ne. To wanne?

Bayan mai rubutun nan, Innata kaɗai ta sani, ita ko tac ce in yi shiru.