Jakar da Inna Ta Ɗinka Mani

Kuɗin da na tafi Ikko da su, tunkiyar Inna ce. Da kanta ta ja ta daga Tafoki har kasuwar Faskari, ta dawo da igiya kawai a hannu. Kai Sale, da kai Hamisu, lokacin hankalinku na wajen wasa. Tunda yau kun kafe sai an saya maku jaka mai zif kafin ku fita ci-rani, to ku zauna ku ji daga bakin yayanku.

Ni ba a saya mani ba. Inna ta samo tsohon tamfol na motar auduga daga Daudawa, ta kife kwano a kai ta zana gindin jaka, ta yanke da reza. Kwana uku tana gindin rumbu da basilla, tana goga zare da kakin zuma don kada ruwa ya ci shi. Idonta ya riga ya soma yana, saboda haka kowane ɗinki sai ta bi shi sau biyu, ta lalube shi da yatsa. Cikin kuwa zanenta na saƙi ta yaga ta shimfiɗa. Ta zura igiya a baki, in an ja ya tsuke. 'Yar jaka ce, riga biyu da buta da ƙullin ƙuli-ƙuli sun cika ta.

Ikko! Gari ne da kowa ke sauri kamar an biyo shi. Motarsu wai malwai, mutum na rataye a ƙofa kamar jemage. Na samu dako a bakin jirgin ruwa, siminti muke saukewa har tofin yawunmu ya koma toka. Ogan wurin bai taɓa tambayar sunana ba. "Aboki, kari go! Aboki, kari kom!", wato ɗauki ka kai, ɗauko ka kawo. Shekara guda ni ne Kari-go.

Amma abin da ke ƙona mani rai, ba 'yan Ikko suka fara yi mani dariya ba. Namu ne. Wani Lawal ɗan Sabuwa, da ya riga ni zuwa da wata biyar kacal, har ya iya cewa "abeg" yana karkace baki. Ya ɗaga jakata da yatsa biyu gaban mutane.

"Kai ɗan Tafoki, ina jakin? Na ga taikinsa."

Aka kwashe da dariya, ni ma na taya su, Allah ya yafe mani. Ranar da aka biya mu na sayi ta roba mai hoton jirgin sama. Ta Inna na miƙa wa mai gidan da muke haya, wata dattijuwa da ake ce wa landiledi, mu kuwa muna ce mata Mama. Ta ce madalla, dama ba ta da abin zuba gawayi. Ta robar kuwa sati uku zif ya mutu, hannu ya tsinke.

Wata ranar Talata da hantsi direban motar shanu ya kawo mani takarda daga Kawu Ado. Da ɗan aji huɗuna na zauna ina haɗa baƙi. Inna ta rasu, har an yi sadakar bakwai. A ƙasa Kawu ya ƙara layi biyu: duk wanda ya dawo daga kudu sai ta aika a tambaye shi ko ya gan ni, ko kuma ɗinkin jakar bai saki ba, don ta yi shi ba ta gani sosai.

Ban san lokacin da na isa madafin Mama ba.

"Mama, jakata."

Tana ɗan jin Hausa, ta yi zama a Zariya. "Wace jaka? Ba kai ka ba ni ba?"

"Uwata ce ta ɗinka."

"To ranar da ka ba ni fa, ba uwarka ce ta ɗinka ba?"

Wallahi da mari ta yi mani da ya fi sauƙi. Na fizgo jakar daga ƙusa na juye gawayin a tsakar gida. Ta tashi tana ihu, "Komot! Komot!", wato in fice mata daga gida. Sai ta dubi fuskata ta sassauta murya.

"Ta mutu?"

Na gyaɗa kai. Ta karɓi jakar, ta juya cikinta waje, ta kakkaɓe a jikin bango. Saƙin Inna ya fito baƙi ƙirin. Ta naɗe ta miƙo mani da hannu biyu.

Ran nan na bar Ikko, ko oga ban yi wa sallama ba. Lawal ya tambaye ni wa zai karɓi kuɗin kwanakina, na ce ya sayi zif da su.

Ga ta nan, ku karɓa ku duba. Ban wanke ba, ba kuma zan wanke ba. Hamisu, bi gindin da yatsanka yadda take yi. Shekara guda tana ɗaukar gawayi, ɗinki ko ɗaya bai saki ba. Amsar ke nan da take ta aike a samo mata, na kawo ta har gida, ba wanda zan faɗa wa.

Sale, share idonka. Miƙo kwanon can, kife shi kan tamfol ɗin nan, ka riƙe da kyau in zana.