Zaiba a Kaskon Turarena

Salama gare ku cikin sunan Yesu Almasihu, 'yan'uwa. Ni ce Saratu, daga wani ƙauye bayan Dayi. Ku yi haƙuri in kun ga ina kai da komo a gabanku, har yanzu tsayuwa wuri ɗaya wuya take yi mini.

Bayan girbi maigidana ya bi abokansa haƙar zinariya. Sai ya fara dawowa da wani ruwa a 'yar kwalba, fari kamar azurfa, ga nauyin tsiya, wai zaiba. In ya cuɗa ta da garin dutse sai ta kama zinariyar, ya ɗora a wuta, zaiba ta bi iska, zinariya ta zauna. Don gudun idon mutane a ɗakina yake ƙonawa, ƙofa a rufe, cikin kaskon turarena. Ni ce ma mai fifita masa garwashi!

Ba a jima ba hannuna ya fara rawa. Dasashina na jini, miyau na zuba, ga faɗa ba dalili. In na zauna in ji kamar in tashi, in na tashi in rasa inda zan nufa. Wata rana ina yi wa jaririyata Ladi wanka, ta suɓuce mini cikin baho.

Surukata, Iya, har gobe al'adar kakanni take bi. Ta sunkuci yarinyar, ta ce, "Iska ce ta hau ki. Ba za ki kashe mini jika ba." Ta tafi da ita sashenta, ta hana ni ko ɗaukarta. Wayyo Allah! Ina jin kukan 'yata ta bayan danga, nono na tsiyaya, ba halin zuwa. Na tsani Iya a lokacin, ba zan ɓoye muku ba.

Sai ta kawo saiwoyin korar iska. Ta zuba garwashi a wannan kaskon dai, ta lulluɓe ni da bargo, ta ce, "Shaƙa da kyau, 'yar nan." Kullum a yi hayaƙi, kullum jiki ya ƙara rikicewa, ita kuma ta ce iskar ce mai taurin kai, a ƙara.

Wata safiya a ƙarƙashin bargon nan na kasa jurewa. Na ce, "Yesu, in kana ji na, ka fitar da ni! Ka mayar mini da 'yata!" Ban iya wata doguwar addu'a ba. Na yi wurgi da bargo, na fita ko takalmi babu, sai bakin titi. Wata 'yar Zumuntar Mata ta cocinmu ta gan ni, ta sa ni a mota zuwa asibiti a Malumfashi.

Likita ya sa na miƙa hannuwa, ya duba bakina, ya ce, "Me ake ƙonawa a gidanku?" Da na gaya masa komai, har zancen jaririyata, sai ya dafe kai. Ya ce tururin zaiba ba ya wari, amma guba ne, yana taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda, yana kuma maƙalewa a kasko da bango. Ya ce, "Ina jaririyar take kwana?"

Na ce, "An ƙwace ta."

Ya ce, "Ki gode wa Allah. Da ta ci gaba da zama a ɗakin nan, ban san me zan ce miki ba."

Haleluya! An ba ni magani, an binne kaskon nesa da gida, mun bar ɗakin, maigidana ya daina kawo zaiba. An gwada Ladi, lafiyarta lau.

Ranar da na koma, Iya ta daɗe tana kallon hannuna, don bai gama daina rawa ba. Sa'an nan ta kwance goyon, ta ce, "Zauna a ƙasa tukuna." Na zauna. Ta ɗora mini 'yata a cinya, ta sa hannunta a ƙarƙashin nawa, muka riƙe ta tare.

Na gode wa Ubangiji. Abin da na yi ta kuka a kansa, ashe da shi ya tsare mini ɗiya. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa, kuma don Allah kada ku bari a ƙona zaiba inda kuke kwana. Amin.