Rauza-apai da Karen da Ta Koya wa Rabuwa

Jawabin da Kuralai Isabekova ta yi a sadakar arba'in ta marigayiya Rauza Jaksibekova, a birnin Almati

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ku.

Malam liman da ya buɗe mana wannan zama da karatu. Wakilin hakimin gundumarmu. Shugabar makarantar da marigayiya ta koyar, da malaman da suka rako ta. Sabit-aga, shugaban ƙungiyarmu ta masu wasan karnuka. Dakta Larisa Pak, likitar dabbobinmu. Dattawan dangi na wajenta da na wajen mijinta. Bekzat, ɗanta tilo, da maiɗakinsa. Maƙwabta da tsofaffin ɗalibai: ina gaishe ku, ina kuma yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

Ni ba 'yar dangi ba ce, kuma a ɗakin nan akwai waɗanda suka fi ni shekaru da iya magana. An ce in tsaya ne domin karenta yana hannuna, kuma akwai abin da na gani wanda ya kamata ku ji.

Ta kasance malamar motsa jiki tun ƙuruciyarta har ta yi ritaya. Kowa Apai yake kiranta, yadda muke girmama malama da babbar mace. Rabin mutanen da ke zaune a nan sun yi gudu a ƙarƙashin usur ɗinta. Ta kasance mai kiran kowane ɗalibi malalaci, har wanda ya zo na ɗaya. Amma mu da muka wuce ta hannunta mun san cewa yaron da ya zo babu takalmin gudu, washegari zai tarar da takalmi a ƙarƙashin kujerarsa, kuma idan ya je godiya sai ta kore shi da faɗa.

Da Allah ya ɗauki mijinta, Tolegen-aga, Bekzat ya riga ya tafi aiki Koriya. Gidan ya rage ita kaɗai a hawa na biyar. Ta taɓa gaya mini cewa shirun gidan bai dame ta kamar yadda muryarta ta dame ta ba. Sai ta kai yamma ba ta furta ko kalma ɗaya ba, idan mai kanti ya gaishe ta sai ta yi gyaran murya kafin amsa ta fito. Matar da ake jin muryarta daga wancan ƙarshen fili.

Wata Juma'a ta je ziyarar kabarin mijinta, ta tarar karyar mai gadin maƙabarta ta haihu. Mai gadin ya ce, "Apai, don Allah ɗauki ɗaya, sun fi ƙarfina."

Ta ce, "Me zan yi da kare a bene?"

Ya ce, "Ki riƙa yi masa faɗa mana. Ba malama ba ce ke?"

Haka ta koma gida da ɗan kwikwiyo baƙi mai farin wuya a cikin rigar sanyinta, ta sa masa suna Moinak.

Ranar da ta fara zuwa filinmu na bayan tsohuwar masaƙa, mu duka mun ɗauka jika ta rako. Sabit-aga ya ce, "Apai, wasan nan da gudu ake yin sa fa. Kare na tsallake shinge, mai shi na binsa a guje yana nuna masa hanya. Kujerar 'yan kallo tana can."

Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta tsaya a kan tumbinsa, ta ce, "Sabit, ba kai ne kake ɓuya a bayan gida ranar gudu ba? Matsa mini."

Ya matsa. Har yau muna tsokanarsa da wannan magana.

Ta kasance mai ƙin ganin abu a karkace. Filin da muke wasa a kai a da rabinsa juji ne. Ita ta tara tsofaffin ɗalibanta suka kwashe shara, ita ta yi ta sintiri ofishin gunduma har aka kafa mana fitilu, ita ta ware safiyar Lahadi don yaran unguwa su zo da karnukansu kyauta. Karnukan titi da aka yi wa allura a unguwar Aksai, yawancinsu ita ta riƙe su Dakta Pak ta soka.

Shi kuwa Moinak, wanda ya gan shi yana gudu ba ya mantawa. Ya tsallake shinge, ya faɗa cikin bututu ya ɓullo, ya saƙa tsakanin sanduna, ya hau katakon lilo ya jira ya taɓa ƙasa, duk idonsa na kan kafaɗarta. Ba ta cika yi masa tsawa ba. Idan ta karkata sai ya karkata.

Sai farfaɗiya ta kama shi. Ranar farko a ɗakin girki ya faɗi, yana shure-shure, kumfa na fita bakinsa, babu kowa a gidan sai ita. Ta sauko da shi a hannu daga hawa na biyar. Wani maƙwabci da ya gan ta ya ce, "Apai, a yi masa allurar hutu kawai, karnuka sun cika gari."

Ta ce, "Kai ma hawan jini gare ka, an yi maka allurar hutu?"

Dakta Pak ta gaya mata gaskiya: ciwon ba ya warkewa, sai dai a danne shi da magani safe da yamma, a kan lokaci, har ƙarshen ransa, ana kuma duba jininsa saboda hanta. Idan ya lafa zai iya komawa fili. Daga ranar rayuwarta ta koma bin agogon Moinak. A cikin cuku take cusa masa ƙwayar, don idan ya ji ɗaci sai ya ɓoye ta a kunci ya tofar a bayan kujera. A wurin biki, ana cikin kawo nama za ta miƙe ta ce lokaci ya yi. Bekzat, ka sha roƙonta ta koma wurinka da zama, tana ce maka, "To wa zai ba shi magani?" Na san maganar nan ta sha yi maka zafi.

A bazarar bara ta kira ni. Lokacin karena ya mutu, na daina zuwa fili, na daina ɗaukar waya. Tata ce kawai ban isa in ƙi ɗauka ba.

Ta ce, "'Yar nan, kin gama kukan?"

Na ce, "Apai, ban gama ba."

Ta ce, "To ki ƙarasa a fili. Gwiwata ta ƙi, ƙafafu nake nema. Ke za ki yi gudu da Moinak a gasar kaka."

Na ce ai ba ya bin kowa sai ita. Ta ce, "Shi ya sa na kira ki da wuri."

Wahalar da muka sha, waɗanda suke fili sun gani. Ina nuna masa shinge, shi yana waiwayenta. Ita kuma tana gefe tana cewa, "Kuralai, gudu kike ko shayi kike kai wa baƙi? Ɗaga hannun nan!" Ta koya mini yadda ake ba shi magani, da yadda ake gane ciwon na tafe idan ya fara kewaye ɗaki yana lasar baki. Ta koya mini in janye kujeru, in rage haske, kada in sa hannu a bakinsa, in yi ta yi masa magana a hankali har ya farfaɗo, domin idan ya farfaɗo yakan ɗan jima bai gane kowa ba.

Daga nan ta ce ya riƙa kwana gidana ƙarshen mako. Sannan ta ce ya zauna gaba ɗaya. A fili kuma ta daina tsayawa kusa. Sai ta zauna a benci ta juya mana baya. Idan ya je wurinta yana kaɗa wutsiya, ko taɓa shi ba ta yi. Mutane suka fara ƙananan maganganu. Sabit-aga da kansa ya same ta ya ce, "Apai, me karen nan ya yi miki? Ko bawa ba a yi masa haka."

Ta ce, "Je ka gyara shingenka, ya karkace."

Ranar gasa ta zauna cikin 'yan kallo. A zagayen safe mun fara lafiya. Yana ɓullowa daga bututu sai iska ta kawo masa ƙamshinta. Ya bar ni tsaye a tsakiyar fili, ya keta igiya, ya haura cikin mutane, ya ɗora ƙafafunsa a gwiwarta yana kuka. Alƙali ya busa usur, an fitar da mu. Ita kuwa hannuwanta suna cikin aljihu, idonta na kan duwatsu. Ya yi ta tura hancinsa a hannun rigarta, ba ta motsa ba. Da na je ɗaukar sa ma ba ta dube mu ba.

A zagayen yamma ya tsaya a bakin layi ya dubi wajen 'yan kallo, ya daɗe yana duba. Sannan ya juyo ya dubi kafaɗata. Muka yi gudu tun daga farko har ƙarshe bai kayar da sanda ko ɗaya ba. Ba mu ci kyauta ba, na huɗu muka zo. Na ɗaga kai in nuna mata, sai na ga wurinta babu kowa.

A tashar bas na same ta, ita kaɗai a kan benci. Tun daga nesa ta ɗaga hannu ta ce, "Tsaya nan. Kada ki kawo shi."

Na ce, "Apai, ya gama fa! Ko kansa ki shafa."

Ta ce, "Na gani. Na ga komai." Sannan ta ce, "Ba gwiwa ba ce, 'yar nan. Ciwon daji ne, tun kafin in kira ki likitoci suka gaya mini. Idan na mutu yana nawa, zai ƙi abinci, zai ƙi magani, ciwon ya tashi ya kashe shi a bakin ƙofata. Na sha wuya kafin ya koyi barina. Kada ki ɓata mini aiki."

Moinak yana ta jan igiya har yana shaƙewa. Bas ta zo, ta shiga, ta zauna a ɓangaren da ba ya kallonmu.

Jama'a, a nan nake so mu tsaya mu yi tunani. Abu ɗaya ne yake motsi a gidan nan ban da ita. Shi ne yake jiran ta a ƙofa, shi take yi wa magana, saboda shi take tashi da safe. Ta san watannin da suka rage mata su ne mafi tsanani, kuma a lokacin ne ta fi bukatarsa. Ta ɗauke shi da hannunta ta bayar, ta koma gidan da babu kowa, ta shiga hunturu ita kaɗai.

Mun riƙa zuwa, mu 'yan ƙungiya da maƙwabta, muna kai miya da burodi. Amma baƙo yana zuwa ne ya tafi. Kullum na shiga tambayarta ɗaya ce: "Ya sha na safe?" Sharaɗinta shi ne kada in hau da shi. Sai dai da la'asar in bi da shi ta tsallaken titi, inda ba zai ji ƙamshinta ba, ita kuma ta tsaya a bayan labule. Wata rana na shigo ina kakkaɓe gashinsa daga rigar sanyina, sai ta ce, "Bar shi." Ta jawo hannun rigar tana tsince gashin ɗaya bayan ɗaya, tana tarawa a tafin hannunta, muna hirar tsadar dankali.

Bekzat, ƙanena, ka saurare ni. Na ga yadda kake sunkuyar da kai tun da aka fara zaman nan. Ita ta hana mu gaya maka da wuri, ta ce kana da ƙananan yara da aikin da ba a bari. Mun yi mata gardama ba ta ji ba, kai ma ka san ba a cin ta da gardama. Ka iso tana da rai, ta gane ka, hannunka ta riƙe a kwanakinta na ƙarshe. Kada ka ɗora wa kanka abin da ita ba ta ɗora maka ba.

Jiya ka tambaye ni ko za ka tafi da Moinak, ka ce shi ne abu mai rai na ƙarshe da ya rage daga gidanku. Ga amsar a gaban dattawa. Dakta Pak ta ce jikinsa ba zai ɗauki doguwar tafiyar jirgi ba. Ko da zai ɗauka, an riga an raba shi da mutum sau ɗaya, kuma mun ga abin da hakan ya ci. Ka yi haƙuri, zai zauna. Amma ƙofata ƙofarka ce. Ranar Lahadi kafin ku tashi, ka kawo yaranka fili su riƙe igiyarsa, su ga abin da kakarsu ta gina a bayan masaƙa. Duk bazarar da kuka zo, yana nan, muna nan.

Dattawan dangi, mun gode da kuka ba mu wuri a cikinku yau. Maƙwabtan da suka riƙa hawa bene da kwano a hannu, Allah ya saka muku. Dakta, mun gode da shekarun da kika yi kina amsa wayarta ba tare da ƙosawa ba. Matan da suka tsaya a kan tukwane tun safe, sannunku da aiki.

Ya Allah, baiwarka Rauza ta zo gare ka. Ta ji ƙan abin da ba ya iya roƙo da baki, ka ji ƙanta. Ka yafe mata kurakuranta, ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi, ka ɗebe mata kewa a cikinsa. Ka haɗa ta da mijinta a gidan da ba a rabuwa. Ka ba ɗanta da jikokinta haƙuri. Ka tuna mana da tsofaffin da ke bayan ƙofofi a unguwanninmu tun suna da rai. Amin.

Ga abinci an kawo. Ta daɗe tana cin nata a tsaye a bakin taga, da faranti ɗaya da cokali ɗaya. Yau saboda ita babu kujerar da ta rage a ɗakin nan. Ku matso kusa da juna, bismillah.