Amsar Augie ta Riga ta Gulma

Salama gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Sunana Bitrus, ina zaune a Nassarawa, nan Birnin Kebbi. Zan faɗi abin da Ubangiji ya yi mini, daga farko zuwa ƙarshe.

Ni mai buga takardu ne a da. Wayoyi suka zo, aikin ya mutu a hannuna. Da furfura a kaina na shiga ajin koyon gina shafin intanet, irin wanda kana taɓawa yana amsa maka. Na so abin, domin layi bayan layi ake rubuta shi, ni kuwa haka nake son rayuwa.

Wata ƙungiyar manoman shinkafa a Argungu ta ba ni aikina na farko: shafin da manomi zai taɓa sunan garinsu ya ga ranar da injin ban-ruwa zai zo masa. In ya yi kyau su riƙe ni. In bai yi ba, na riga na gaya wa matata Saratu mu kwashe yara mu koma ƙauye.

Ranar gwaji, shugabansu Alhaji Garba, mutumin Augie, ya karɓi wayar. Ya taɓa sunan garin Gulma bisa kuskure, ya yi maza ya taɓa Augie. Ranakun Augie suka fito, sai kuma na Gulma suka faɗo suka rufe su.

Ya ce, "Malam Bitrus, wanga abu naka ya maishe ni ɗan Gulma! Ko gona ka saya mini can?"

Aka kwashe da dariya. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Gyara shi kamin mu fara dashe. In ba haka ba, mu koma ma kiran waya."

'Yan'uwa, na bincika layukan da na rubuta sama da ƙasa. Duk garin da aka taɓa, shafin kan aika tambaya ta intanet ya jira amsa. Tambayar Gulma ce ta fara tafiya, don haka a hankalina amsarta ce za ta fara dawowa. Ban ga kuskure ba. Jinina ya hau, kaina kamar zai tsage, abinci ya daina shiga.

Na koma Argungu in ce musu na kasa. Ƙafata ta ƙi kai ni ofishinsu, ta kai ni bakin gulbi. Na zauna a inuwa bayan azahar, na ce, "Ya Uba, na ƙare. Ka nuna mini, ko ka sallame ni."

Ban san ko barci na yi ba. Ruwan ya yi fari, ya yi shiru, har ban iya raba shi da sama ba. Kwale-kwalen masunta suna shigowa a hankali kamar ba a tuƙa su. Wanda na ga fitarsa da farko yana can nesa, ɗan ɗigo. Na bayansa har ya iso. Matan da ke gaɓa ba wadda ta tsaya tana zuba ido. Wata na wanki, wata na hura wuta, wata na waƙa ƙasa-ƙasa. Jirgi ya taɓa ƙasa, mai shi kaɗai ta miƙe, sauran suka ci gaba da aikinsu.

Nan na gane: ba lallai wanda ya fara fita ne ke fara dawowa ba. Haleluya!

Na dawo gida na yi gyara. Na farko, shafin ya aika tambaya ya ci gaba da aikinsa, yana nuna "ana jira". Na biyu, kowace tambaya ta tafi da alamarta. Na uku, amsar da ta dawo, in ba ta garin da aka taɓa a ƙarshe ba ce, a bar ta ta wuce. Ashe malaminmu ya koya mana wannan a darasin JavaScript, yaren da ake rubuta shafin da shi, kaina ne ya ƙi karɓa.

Alhaji Garba ya gwada a tsakiyar fadama, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Ya taɓa garuruwa a guje da gangan, ya dube ni ya ce, "To, yanzu ya san mutane."

Sun riƙe ni. Yarana suna makarantarsu, jinina ya sauka. Na gode wa Yesu!

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, na roƙi abubuwa da yawa a wurin Allah, kuma ba su zo a jeren da na roƙe su ba. Wasu har yau suna kan ruwa. Ka miƙa roƙonka, ka tashi ka kama aikinka. Ya san gaɓar da kake tsaye. Amin.